Wad Haddad: Laka Mai Rowa, Yashi Mai Kyauta

Matafiyin da ya bi hanyar Madani zuwa Sinnar da damina, in ya iso garinmu Wad Haddad, zai ga ruwa kwance bisa baƙar laka kwana da kwanaki. Sai ya ce ƙasarmu ba ta shan ruwa. Alhali kuwa ta fi yashi sha. Kafofin da ke cikin laka sun fi yawa, amma ƙanana ne ƙwarai. Da ta jiƙa sai ta kumbura, ta riƙe, ta hana. Yashi da tsakuwa kuwa kafofinsu manya ne, haɗe da juna, ruwa na ratsawa.

Rowar nan ta yi mana rana. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, tur'a ke kai ruwa gonakin Jazira masu nisa, ba siminti, bai kuwa tsiyaye ba. Amma kwantaccen ruwa gidan sauro ne da dodon-koɗi mai kawo tsargiya.

To, 'yan'uwa, in za mu haƙa rijiya, kada danshin laka ya ruɗe mu. Mu zarce har yashi da tsakuwar da Shuɗin Nilu ke shayarwa ta ƙarƙashin ƙasa. Tur'a ta gona ce, rijiya ta 'ya'yanmu.