Encilada a Tukunyar Yashi

Duk wanda ya koyi Hausa a aji kamar ni, ba a bakin uwa ba, ya san babu inda harshe ke tona wa mutum asiri kamar ɗakin girki. Kana iya cika shafi goma a kan ginin jimla, amma a ce ka bayyana yadda ake sulala nama sai ka shiga inda-inda. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin wani abincin ƙasar Meksiko da nake yi a gidanmu a Ibadan, wanda ko suna ba shi da shi a Hausa, haka ma a Yarbancin da muke yi a gida.

Sunansa encilada, wato da Sifaniyanci abin da aka sa wa barkono. Akwai wani siririn burodin masara da suke kira tortiya, shi ake tsomawa a miyar barkono, a zuba nama a ciki, a naɗe. Irin wanda nake yi ba a naɗe shi. Jera shi ake yi hawa-hawa, tortiya da nama da cuku, sannan a gasa. Ba sabon abinci ba ne, domin encilada tana cikin wani littafin girki da aka buga a Meksiko tun 1831. Masara da barkono da tumatir na mutanen ƙasar ne tun fil azal, a kudancinta ma aka fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Shanu kuwa, da namansu da madararsu, Sifaniyawa ne suka kawo bayan sun ci daular Aztek da yaƙi a 1521.

A wurin tortiya aikin yake. Idan ka kwaɓa garin masara irin na tuwo ka ce za ka murza shi ya yi faɗi, wargajewa zai yi a hannunka. Dabarar mutanen Meksiko ita ce su dafa ƙwayar masara da toka, ko da wani farin gari da ake samu idan an ƙona dutse, su bar ta ta kwana a ruwan, da safe su wanke su niƙa. Ƙullun sai ya yi danƙo ya kama jikinsa. Bugu da ƙari, wannan dahuwa tana sakin wani sinadarin bitamin da ke ɗaure a cikin masara, wanda rashinsa ke kawo cutar da ke ɓata fata ga masu rayuwa a kan masara zalla. Sunan aikin a harshen Nahuwatil na Aztek ma daga kalmarsu ta toka ya samo asali. Da na karanta wannan sai na tuna da ruwan tokar da matan Sabo ke tacewa su sa a miya idan babu kanwa. Shi na roƙa wurin mahaifiyar wata ƙawata, na dafa rabin mudun masara da shi, washegari na kai inji aka niƙa ba tare da an tsuga ruwa ba. Sai in cura ƙullun kamar ƙwai, in sa tsakanin leda biyu, in danne da gindin faranti, in gasa a busasshen kasko. Wasu kan huta da wannan wahala su sayi burodin shawarma. Ba laifi ba ne, a arewacin Meksiko ma da alkama suke yin tasu tortiyar, amma ni a ganina ƙanshin masarar nan shi ne rabin abincin.

Ga wani abin sha'awa ga mu masu nazarin harshe. Wannan ƙullu da Sifaniyanci sunansa masa. Kada wani ya yi saurin haɗa shi da masar da ake toyawa a tanda, kama ce kawai ta sauti. Tumatir ne ke da dangantaka ta gaskiya, domin in aka bi salsalar kalmar za a tarar da tomatl ta Nahuwatil. Ita kuwa masara, masana sun ce daga sunan ƙasar Masar Bahaushe ya raɗa mata suna, alhali asalinta yana can ƙetaren teku.

Nama ba shi da wuya. Rabin kilo nake saya, in ce wa mahaucin, "Baba, a yanka mini ƙanana kamar na dambu." Shi kuma kullum sai ya ce, "'Yata, wannan Hausa taki ta littafi ce," ya ƙara mini gyara. In soya shi da albasa da tafarnuwa, in zuba dafaffen wake kofi ɗaya. Miyar kuma busasshen tattasai ne da aka jiƙa aka markaɗa da tumatir da ɗan attarugu.

Sai maganar cuku, inda muka fi ja-in-ja da ƙanena. Shi a hotuna ya san abincin, da cuku ruwan ɗorawa yana narkewa yana zarya, don haka ya dage sai an sayo ceda a babban kanti. Kuɗin ɗan ƙunshi guda ya kusa na naman gaba ɗaya, Mama kuwa ta ce ba da kuɗin cefanenta ba. Ni wara na zaɓa, cukun da matan Fulani ke yi da madarar shanu da ruwan ganyen tumfafiya, ba awarar waken suya ba. Gaskiya ne wara ba ta narkewa, tun da a kan wuta aka dunƙule ta, shi ya sa ma ake iya soya ta. To amma wannan ba "da babu gara ba daɗi" ba ne. Cukun nan mai narkewa salon Tekzas ne, jihar Amurka da ke cikin Meksiko har zuwa 1836. A cikin Meksiko kanta an fi marmasa farin ɗanyen cuku a kan encilada, wanda shi ma ba ya narkewa sosai. Ke nan wararmu ta fi ceda ta Ingila kusa da asali. Abin da take bukata kawai shi ne gishiri, sai a matse ruwanta a marmashe.

Ba mu da obin a gida. Babbar tukunya nake zuba wa yashi, in ɗora a wuta ta yi zafi, in shafa wa kwanon silba mai, in jera hawa uku, in rufe saman da miya da wara. Mai obin minti 25 ya ishe shi a zafin digiri 180. A yashi yakan kai minti 40, kuma dole a rage wuta don kada gindin ya kama. Idan an sauke a bar shi ya huce na minti goma, in ba haka ba ba zai yanku ba.

Mama ta ci yanka biyu ranar farko, ta ce da daɗi, amma ta tambayi abin da za a ci da dare, domin a wurinta abin da ba a haɗiya da miya bai cika abinci ba. Ƙanena har yanzu yana kan bakansa na ceda. Suna ne ya rage. A littafina na rubuta "gasasshen jeren masara da nama", ƙawata ta Sabo ta ce ya yi tsawo, babu mai talla da zai iya kiransa. Ita "mai hawa uku" take ce masa.