Yadda Muka Ƙara wa Tsohuwar Kwamfutarmu Ƙwaƙwalwa

Mutane da dama sun tambaye mu dalilin da allon jaridarmu ya yi mako biyar babu sabon rubutu a zangon da ya wuce. Har wasu sun ce ƙungiyar 'yan jarida ta mutu. Ba ta mutu ba. Ga abin da ya faru.

Kwamfuta ɗaya ce tal ƙungiyarmu take da ita, irin ta tafi-da-gidanka, wadda wani tsohon ɗalibin makarantar nan ya ba mu kyauta. An ƙera ta a 2010, wato ta girmi kowannenmu. Da ita muke buga duk abin da kuke karantawa a allon nan, da ita kuma muke koyon amfani da madannai, domin tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma wata rana za ta zo kanmu. Matsalarta ita ce nawa. Idan muka kunna ta, sai mu share aji mu dawo ba ta gama buɗewa ba. Idan muka buɗe hoto da rubutu a lokaci guda, sai ta sandare.

Malamin kwamfuta ya duba ya ce RAM ɗinta ne ya yi kaɗan, gig 2 kacal. Ya yi mana bayani da misalin da ba za mu manta ba. Ma'ajiyar kwamfuta kamar rumbu ce, RAM kuma kamar tabarmar da ake shanya hatsi. Komai girman rumbu, idan tabarmar ƙarama ce, kaɗan-kaɗan za ka riƙa ɗebowa kana mayarwa, aiki ba zai yi sauri ba. Muka yanke shawarar sayen gig 4 mu ƙara. Mu goma sha huɗu muka riƙa tara kuɗin tara, wasu ranakun muka haƙura da awara da ƙosai, har kuɗin suka cika.

Yayan ma'ajinmu yana lodi daga Kwanar Dangora zuwa Kano, don haka shi muka aika. Abin da muka rubuta masa a takarda shi ne: "RAM na laftof, gig 4." Kuskurenmu na farko ke nan. Da ya kawo, muka juya kwamfutar, muka kwance murfin ƙasa, muka ga gurbi biyu, ɗaya da RAM a ciki, ɗaya babu komai. Muka gwada sa sabon, ya ƙi shiga. Wani ya ce a danna da ƙarfi. Allah ya taimake mu sakatarenmu ya hana, ya ce a fito da tsohon a jera su. Sai muka ga kowanne yana da giɓi a tsakanin haƙoransa na ruwan zinare, amma giɓin ba a wuri ɗaya yake ba. A jikin tsohon an rubuta PC3, a jikin sabon PC4. Malam ya ce PC3 shi ne DDR3 mai haƙora 204, PC4 kuma DDR4 ne mai haƙora 260, kuma da gangan masu ƙerawa suka raba wurin giɓin don kada wani ya shiga gurbin wani. Da mun danna da ƙarfi, da mun karya gurbin.

Muka ba Yaya haƙuri ya mayar, aka canza mana da DDR3. Wannan ya shiga daidai. Sakatare ne ya sa shi. Muka rufe, muka danna makunni. Fanka ta tashi, ƙaramar fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin. Muka kashe muka sake kunnawa sau uku, shiru.

Ranar ba mu ji daɗin kanmu ba. Nan take aka fara nuna yatsa. Wasu suka ce sakatare ya ƙona kwamfutar, tunda hannunsa ne na ƙarshe a ciki. Har aka ce sai babansa ya biya. Yaron da ya fi kowa zuwa taro ya ɗauki jakarsa ya fita bai ce uffan ba, washegari kuma bai zo wurinmu ba. A cikin kwamfutar akwai labaran zango guda, har da rahoton ziyarar da muka kai madatsar ruwa ta Tiga.

Da muka kai ƙara wurin Malam, sai ya tambaye mu: "Wa ya tabbatar muku ta ƙone?" Muka yi tsit. Ya ce: "Ku ɗauko littafi. Abu ɗaya za ku riƙa canzawa, ku kunna, ku rubuta abin da kuka gani. In kun canza abu biyu tare, ba za ku san wanne ne ya yi aiki ba. Sannan ku je ku kira sakatarenku, shi zai riƙe biro."

Kafin mu taɓa komai ya sa muka zare caja, muka cire batir, muka danne makunni na ɗan lokaci don sauran wutar ciki ta fita. Ya kuma sa kowa ya taɓa ƙarfen taga. Lokacin hunturu ne, lokacin da riga take ƙara ƙas-ƙas idan an cire ta da dare. Wannan 'yar wutar da take taruwa a jiki ta isa ta lalata RAM, shi ya sa ake riƙe shi ta gefe, ba a taɓa haƙoransa.

Gwaji na farko, muka cire sabon muka bar tsohon shi kaɗai. Kwamfuta ta tashi lafiya lau, labaranmu suna nan. Ashe babu abin da ya ƙone. Muka kalli sakatare, kunya ta kama mu. Gwaji na biyu, muka mayar da tsohon ɗaya gurbin, nan ma ta tashi, wato gurbin biyu duk lafiyarsu ƙalau. Gwaji na uku, muka goge haƙoran sabon a hankali da abin goge fensir, muka busa ƙura, muka zura shi a karkace har haƙoran suka shige, sannan muka kwantar da shi sai da maƙallan gefe biyu suka ce ƙas. Allo dai baƙi. Gwaji na huɗu, sabon shi kaɗai a kowane gurbi, baƙi. Malam ya gwada shi a kwamfutar wani abokinsa wadda ta fi tamu sabunta, ya yi aiki. To, RAM lafiya, kwamfuta lafiya, amma ba sa jituwa.

Sakatare ne ya gano bakin zaren. Yana kwafe rubutun jikin sabon a littafi, sai ya ga 1Rx8, a jikin tsohon kuma 2Rx8. Muka ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne a jikinsu: sabon 8, tsohon 16. Malam ya bincika a wayarsa ya dawo mana da amsa. Injin kwamfutarmu Core i5 ne na zubin farko, kuma irinsa ba ya iya karanta ƙwaya mai ɗaukar kaya da yawa. Gig 4 da aka cusa cikin ƙwayoyi 8 ya fi ƙarfinsa, sai wanda aka raba cikin ƙwayoyi 16. Wannan karon muka ɗauki hoton tsohon gaba da baya, muka rubuta "PC3, 2Rx8, gig 4, ƙwayoyi 16", muka haɗa da kuɗin mai muka ba Yaya. Bai ce komai ba sai dariya da "Allah ya sa wannan ce ta ƙarshe."

Na ukun ya tashi. Muka yi ta tafi har aji na kusa suka leƙo. Amma da muka duba bayanan kwamfutar, sai muka ga ta ce akwai gig 6, kusan 3 kawai take amfani da su. Wannan karon babu wanda ya zargi kowa, littafi muka buɗe. Dalilin lissafi ne. Windows 7 ɗin da ke kanta mai bit 32 ne, kuma 2 sau 2 har sau 32 ya ba da 4,294,967,296, wato gig 4. Iyakar abin da yake iya ƙirgawa ke nan, kuma a ciki ma wasu sassan kwamfutar suna cin nasu rabo. Maganin shi ne a sa mai bit 64. Muka kwashe duk labaranmu a filashi tukuna, domin sabon sawa yana share abin da ke ciki, sannan Malam ya sa mana. Yanzu tana buɗewa kafin mu gama jera kujeru.

Mun san ba mu kaɗai ke lallaɓa tsohuwar kwamfuta ba. Akwai irinta a makarantun Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma wanda zai taso daga Riruwai ya ratsa dajin Falgore zuwa Kano bai kamata ya je sau uku kamar yadda muka sa Yaya ya yi ba. Kafin a aika saye, a buɗe a karanta duk rubutun jikin tsohon, a ɗauki hotonsa, a san iyakar abin da kwamfutar take ɗauka. Tamu ba ta wuce gig 8. A kuma yi alkawari da mai shago cewa zai canza idan bai yi ba.

Mun ba sakatarenmu haƙuri a gaban kowa ranar taro, ya ce ya yafe. Mun yi masa hukunci kafin mu yi gwaji ko ɗaya, alhali gwajin da ya wanke shi bai ci minti biyar ba. Littafin gwaje-gwajen yana wurinsa, duk mai son gani ya same mu ranar Laraba bayan tashi. Muna godiya ga Malam da Yaya. Rahoton Tiga zai fito a allon nan mako mai zuwa, in sha Allah.