Zanen ya yi kyau, hasken bai fito ba

A shekarar 1961, Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka harba jan hasken leza mai tsawon zango nanomita 694 cikin dutsen kwaz, sai wani haske mai rabin zangon, wato 347, ya fito. Alamar da ya bari a hoto ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har masu buga mujallar da aka kai wa sakamakon suka ɗauka datti ne suka goge ta. Duk ɗalibin wannan fanni ya san labarin. Ni kuwa da shi na fake na ɗora wa wata laifin da ba nata ba.

Lokacin ina karatu a Turai, aikina shi ne shimfiɗa sinadarin bariyam taitanet a kan farantin kwaz, siriri ƙwarai, da zanen 'yan ginshiƙai a jere waɗanda ido ba ya gani. Sassaƙa irin waɗannan sinadarai yana da wuya da tsada, shi ya sa masu bincike, irin su ƙungiyar Rachel Grange a ETH Zurich, suka koma hanyar ruwa da ake kira sol-jel. Ana narkar da gishirin bariyam a ruwan asid, a haɗa da sinadarin taitaniyam, a ɗiga a faranti a juya shi da gudu har ya baje. Sai a danna masa hatimin roba mai laushi na PDMS tun yana da danshi, a ɗaga, zane ya zauna. Saura gashi a tanda, wajen digiri 700 zuwa 800.

A gashin nan ne matsalar take. Yayin da ruwa da sauran sinadarai ke ƙonewa, shimfiɗar tana ƙanƙancewa sosai, ginshiƙai su rame, wani lokaci ta tsattsage. Ganin aikina yana dagargajewa ya ishe ni, sai na rage zafin zuwa wajen digiri 500. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma rubuta a littafin aiki ba. Farantan suka fito sumul, ba tsaga ko ɗaya, har ana yaba hotunansu a taron mako.

Wata ɗaliba da ke ƙasa da ni ce ke auna su. Takan harba leza mai zango 1064 ta jira kore mai zango 532, irin canjin da ke faruwa cikin ƙaramar leza kore ta nuni a allo. Shiru. Na ce mata, “Ƙanwata, sake saita madubanki. Ko na Franken ai da ƙyar aka gan shi.” Ta yi ta kwancewa tana ɗaurawa har dare, Farfesanmu ma ya fara shakkar ƙwarewarta, ni ina ji ina gani na ja bakina.

Abin da na sani sarai, na kuma kau da kai daga gare shi, shi ne wannan canjin haske mai rabin zango ba daga zane yake fitowa ba. Sai ƙwayoyin zarra sun jeru sun zama kiristal mai ɗan karkata, wanda gabansa da bayansa ba ɗaya ba ne. Bariyam taitanet yana da wannan karkata a zafin ɗaki, yana rasa ta idan ya wuce wajen digiri 120. Nawa kuwa bai ma zama kiristal ba. Tukunya ce da aka yi wa ado ba a gasa ba. Da na yi gwajin eksire daga baya, wanda ya kamata in yi tun farko, ya nuna haka nan take.

Na je ofishin Farfesa, a gaban ɗalibar, na faɗi abin da na yi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in nemi gafararta tukun, sannan in koma tanda. Maganin tsagewar ashe haƙuri ne: shimfiɗa mara kauri, a ɗaga zafi a hankali, a tsaya a tsakiya sinadarai su gama ƙonewa kafin a hau sama. Watannin da ta yi asara kuwa ba ni da yadda zan biya ta.

Kai da ke wannan aiki, duk abin da ka sauya a tanda ka rubuta shi a ranar, kuma kada ka miƙa wa kowa faranti ya auna sai ka ga sakamakon eksire da idonka.