Mastas a kan shaye-shaye? E, kuma ga abin da ake koya mana

Jama'a, yawancin waɗanda na faɗa wa abin da nake karantawa a nan Kudu sai sun yi dariya tukuna. "Har 'yan ƙwaya ma sai an yi musu digiri na biyu?" Wani kawuna cewa ya yi, wai ga ɓangaren tiyata, ga na masu ciwon ƙoda, na rasa abin da zan zaɓa sai mashaya. To bari yau in ɗan yi bayani, musamman don 'yan uwana ma'aikatan lafiya.

Ajinmu haɗin gambiza ne: likitoci, nas-nas irina, masu haɗa magunguna, da masu nazarin halayyar ɗan Adam. Ni kaɗai ne Bahaushe. Kowannenmu ya yi shekaru yana aiki a asibiti, amma a makon farko da aka tambaye mu darasi nawa aka taɓa yi mana a kan jarabar ƙwaya a makarantunmu na baya, ba wanda ya ƙirga ya cika yatsun hannu ɗaya. Alhali binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga ciki irin su tramol suke sha. Waɗannan mutanen fa asibitocinmu suke zuwa, sai dai da wani suna: haɗarin babur, ciwon ciki, rashin barci, jijjiga. Mu ɗinke raunin mu sallame su, su koma.

Duk wanda ya yi aiki a asibitin Arewa ya san maganar "wanke jini". Uwa za ta zo hankali a tashe, ta ce malam a sa masa ruwa a wanke masa jini. Wallahi ban ga laifinta ba, abin da ta ji ana faɗa ke nan. Amma ƙwaya kan fita daga jini da kanta cikin 'yan kwanaki. Abin da ba ya fita da wuri shi ne sauyin da ta yi wa ƙwaƙwalwa, wanda kan ɗauki watanni. Shi ya sa yaro zai yi wata uku a kulle bai sha komai ba, ranar da ya bi ta gaban majalisarsu ta da, jikinsa ya tashi.

Kuma a nan haɗarin yake. Jikin mai shan kodin ko tramol yakan saba, har ya riƙa ɗaukar adadin da zai kwantar da wani. Idan aka kulle shi, wannan sabon yana raguwa. Ya fito, ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashi ya tsaya. Wato makonnin farko bayan an sako mutum, lokacin da dangi ke murna ya shiryu, suna cikin lokutan da ya fi kusa da mutuwa. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashin cikin mintuna. Ku tambayi kanku, a asibitin da kuke aiki akwai ta a kabad? Shi kuma tramol, likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, kada a wuce 400 a yini, amma na bayan fage 200 ne ko 225 a ƙwaya ɗaya, wani ya haɗiye uku da shayi. In ya fara jijjiga sai a ce iska ce ta taɓa shi. Giya kuwa da su rochi, in mutum ya yi nisa, tsayar masa da su rana ɗaya ba tare da kulawar likita ba na iya kashe shi.

Kun tuna abin da aka gano a Rigasa a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, wasu da mari a ƙafa. Da aka kawo zancen a aji, ido ya dawo kaina. Na ce musu iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙin su suke yi ba, wurin kaiwa ne babu. An hana maganin tari mai kodin a 2018, an rufe gidajen mari, an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. Duk sun yi kyau. To uwar da ɗanta ya sayar mata da keken ɗinki jiya, ina za ta nufa gobe da safe?

An kai mu asibitin Aro da ke Abeokuta. A can ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo, tun 1954, ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne da ɗan uwansa mai jinya, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Shekara saba'in ke nan, kuma a ƙasar nan aka yi.

Darasin da ya fi ba kowa wuya shi ne na hira. Akwai salon da William Miller da Stephen Rollnick suka tsara, inda ba ka yi wa mutum wa'azi, tambaya kake yi kana saurare har shi da bakinsa ya faɗi dalilin da yake so ya daina. Mukan gwada a aji, ɗaya ya zama mara lafiya, malama na gefe tana ƙirga sau nawa ka ba da shawarar da ba a nema ba. Mu da muka tashi cikin nasiha, babba ya faɗa ƙarami ya sunkuyar da kai, ku ƙiyasta. Nasiha na da wurinta, amma wanda aka yi wa ita sau ɗari bai daina ba, ta ɗari da ɗaya ba za ta zo da sabon abu ba.

Bincikena a Sabo zan yi shi, cikin 'yan acaɓa da masu dako da masu tura baro. Da yawansu ba don nishaɗi suka fara tramol ba, don su iya aikin awa goma sha biyu ne. In sun je asibiti a nan, da Yarabanci ko Turanci ake tambayar su, su ce lafiya lau su fito. Ina so in ga yadda tambayoyin tantancewa na Hukumar Lafiya ta Duniya za su zauna a bakin Bahaushe. Kalma ɗaya ta cinye mini sati biyu: wannan matsananciyar buƙatar da ke taso wa mutum, me za a kira ta? Sha'awa ta yi wani gefe, kwaɗayi zagi ne, marmari ya yi sanyi. Wani mai dako ne ya raba gardamar, ya ce, "Malam, jiki ne ke nema." Haka na rubuta.

Saura amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, sannan in je gaida Sarkin Hausawa in nemi izini. Inda na maƙale shi ne mata. Wancan binciken ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya ɗaya mace ce, ni kuma ba zan shiga gidajen mutane in yi wa matansu irin waɗannan tambayoyin ba. Idan akwai 'yar uwa nas ko unguwarzoma mai jin Hausa a wannan yankin da za ta iya ba ni Asabar biyu a wata, don Allah ta yi mini magana. Kuɗin mota dai zan iya.