Damina Ba Ta Jiran Sa Hannu: Tafiya A Gefen Kubanni

A ƙarshen daminar da ta wuce, bayan ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran yanka, na yi wata 'yar tafiya da na daɗe ina ɗagawa. Niyyata ita ce in bi kogin Kubanni tun daga Samaru har zuwa inda ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan ɗan acaɓa. Tafiyar ba ta cinye wuni guda ba, amma na dawo da tambayar da har yau ba ta bar ni ba: me ya sa mai ɓata ƙasa yake aikinsa ba tare da ya jira kowa ba, mai son gyara ta kuwa sai ya shekara yana jiran takarda?

Na fara ne daga madatsar ruwan Jami'ar Ahmadu Bello. Duk wanda ya yi karatu a Samaru ya sha ruwan Kubanni, ko ya sani ko bai sani ba. An kafa jami'ar a 1962, aka datse kogin a 1973 domin a shayar da ɗalibai da ma'aikata. Da sassafe wurin yana da ban sha'awa: balbelu a bakin ruwa, masunci a cikin kwalekwale, shanu suna gangarowa daga tudu. Sai dai launin ruwan kaɗai ya isa labari, domin ja ne kamar an dama jar ƙasa a ƙwarya. Ƙananan rafuka irin su Malmo da Tukurwa da Maigamo da Goruba su ne ke ciyar da Kubanni, kuma kowace damina suna zuwa da tsaraba: ƙasar gonakin da aka sare itatuwansu, da ta ramukan da aka haƙi yashi, da ta sababbin unguwannin da ba su da magudanar ruwa. Duk wannan laka a gindin madatsar take kwanciya. Tun shekarun 1990 malaman jami'ar suke auna zurfin ruwan, suna rubuta cewa yana raguwa. Wato tulun yana nan yadda yake a ido, amma cikinsa ƙasa ce ke ƙaruwa.

Daga nan na gangara wata unguwa da ba zan ambaci sunanta ba. A bayan gidajen akwai kwazazzabo mai zurfin da ya fi tsayin mutum biyu, bakinsa ya ci har gindin katanga. Na tarar da wani dattijo zaune a kan tabarma yana gyaran igiyar akuyarsa. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, wannan rami ba a taɓa zuwa duba shi ba?”

Ya yi murmushi ya ce, “An zo, ɗana. Sun zo da na'ura mai ƙafa uku, sun auna, sun rubuta lamba da jan fenti a jikin katangata. Suka ce aikin babba ne, sai an gama binciken muhalli, takarda ta fito daga sama. Damina uku ke nan.”

Na ce, “To ina lambar, Baba?”

Ya nuna mini cikin ramin da sandarsa. Katangar da aka rubuta wa lambar tana can ƙasa, ta koma ɓaraguzai. Ya ce ran da aka yi awon, yara suna tsallake wurin idan za su makarantar allo. Yanzu sai sun yi zagaye. Muna cikin magana sai ga wata tifa ta hauro daga cikin rafi, shaƙe da yashi, ruwa yana tsiyaya daga bayanta. Dattijon ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya ce, “Shi wannan wa ya ce ya jira takarda?”

Domin a yi adalci, ya kamata mai karatu ya san asalin wannan takarda. A 1988 aka gano wasu jiragen ruwa sun jibge guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Abin ya girgiza ƙasa, gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar, sannan a 1992 ta fito da Doka mai lamba 86, wadda ta wajabta a tantance illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A yau Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da wannan aiki. Mai aiki zai yi rajista, jami'ai su zo su ga wurin, a fayyace abin da za a bincika, ƙwararru su ɗebi samfurin ruwa da ƙasa da iska, kuma ga manyan ayyuka akan buƙaci bayanan damina da na rani duka. Bayan haka a baje rahoton ga jama'a na kwanakin aiki 21, kwamitin masana ya zauna a kansa, a yi gyare-gyare, kafin izini ya fito. Idan kuɗin aikin daga Bankin Duniya ne, kamar shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa da aka fara a 2012, ko ACReSAL da bankin ya amince wa dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, to akwai ƙarin nasa sharuɗɗan: tsarin kula da muhalli da jama'a, tsarin biyan diyya ga waɗanda za a tasa, da amincewar bankin a matakai daban-daban.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da aka ƙirƙira don wasa, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin haka. An kammala madatsar Tiga a 1974, tun kafin wannan doka, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Kano ta samu ruwan sha da na noman rani, amma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A Bakalori kuwa, rikicin gonaki da diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Da an tsaya an tambayi mutanen da abin zai shafa tun farko, da wataƙila labarin ya sha bamban. Saboda haka ba ina kira a soke bincike ba ne. Ko gyaran kwazazzabo, idan aka yi shi da ka, ruwan da aka kora daga wannan unguwa gidajen unguwar gaba zai faɗa.

Abin da nake cewa shi ne, jira ma yana da nasa illar, kuma ita ce ba a rubuta ta a cikin kowane rahoto. Idan masana'anta ta jira izini shekara biyu, filin yana nan yadda yake. Idan gyaran zaizaya ya jira shekara biyu, ramin ya ninka, awon da aka yi ya tsufa, kuɗin da aka ware ya gaza, gidajen da za a biya diyya sun ƙaru ko sun rushe. Sai a koma a sake awo, a sake lissafi, a sake neman amincewa. A ƙasar Zazzau ruwa yakan sauka daga Mayu zuwa Oktoba, saboda haka lokacin aikin katafila da siminti a cikin rafi daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Takardar da ta makara da wata biyu, ta fito a watan Yuni, ba wata biyu ta cinye ba, shekara guda ta cinye.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Jihar Luwiziyana ta Amurka, inda kogin Misisifi ke shiga teku, ƙasar gaɓar teku da ta kai kusan murabba'in kilomita 5,000 ta nutse tun daga shekarun 1930. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an killace kogin da ganuwa, lakar da yake shimfiɗawa a fadamun bakin teku ta daina isa gare su. Abin mamaki, lakar da ke shaƙe mana madatsa a Samaru, irinta suke nema ido rufe. Sai suka tsara wani gagarumin aiki a yankin Barataria na fasa ganuwar, a karkata ruwa mai laka ya sake gina ƙasa. An nemi izini a 2016, bai fito ba sai Disambar 2022. An fara aiki a Agustan 2023, amma kafin nan kuɗin ya doshi dala biliyan 3, masu kamun kifi da kawa suna adawa, sannan gwamnatin jihar ta sauya hannu. A Yulin 2025 aka soke aikin gaba ɗaya. Ko ma wane ne ke da gaskiya a wannan taƙaddama, teku bai dakata da cin ƙasa ba ko na kwana ɗaya a cikin waɗannan shekaru tara. A nan gida ma, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan gurɓatar ƙasar Ogoni ya fito a 2011, amma sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin tsaftacewar.

Da hantsi na baro Samaru, na bi ta Zango da Palladan, na wuce Kwangila, na sauka a PZ. Sabon Gari gari ne da jirgin ƙasa ya haifa, tun bayan da layin dogo ya iso Zariya wajen 1911, ya tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da sauran ƙabilu a kasuwa ɗaya. Daga nan na taka zuwa gadar da ke kai mutum Tudun Wada, na tsaya ina kallon Kubanni. Kogin da na baro yana ja, a nan ya yi duhu. Leda ta rataye a jikin ciyayi har zuwa inda ruwan damina ya kai, gidaje sun matso har gaɓa, ga bola a gefe. Amma duk da haka ga masu lambu can sun fara gyaran fangali, za su ja wannan ruwa su shayar da latas da kabeji da alayyahon da za mu saya a kasuwar Sabon Gari. Daga nan kogin zai wuce ya zuba a Galma, Galma kuma ta kai shi kogin Kaduna. Abin da aka yi sakaci da shi a Samaru, a kwanon mutumin Sabon Gari yake ƙarewa.

A kan wannan gada na tsara abin da nake ganin ya dace. Na farko, a bambanta aikin gyara da aikin da zai kawo sabuwar ɓarna. Dashen itatuwa a gaɓar rafi, ko toshe bakin kwazazzabo, ko yashe madatsa, bai kamata su bi layi ɗaya da matatar mai ba. A bincike su, amma a ba su gajeriyar hanya. Na biyu, kowane mataki ya kasance da wa'adin da aka sanar wa jama'a, kuma a ɗaura wa'adin da kalandar damina, ta yadda izini zai fito kafin Nuwamba. Kwanaki 21 na jin ra'ayin jama'a ba su ne ke cinye shekaru ba. Zaman da fayil ke yi tsakanin wannan tebur da wancan shi ne. Na uku, a yi amfani da ilmin da ke ƙasa. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, ana rubuta yawan ruwan sama da yanayin ƙasa, ɗakunan karatun jami'a kuma cike suke da kundayen digiri a kan Kubanni. Bai dace kowane sabon aiki ya fara tattara bayani kamar ba a taɓa sanin kogin ba. Kamata ya yi a yi babban bincike guda na kogin tun daga tushe har Galma, ƙananan ayyuka su riƙa jingina da shi.

Na huɗu, a ba da damar agajin gaggawa yayin da ake jiran babban aiki: buhunan yashi, duwatsu a cikin ragar waya, dashen jema da gora, da karkatar da ruwan unguwa daga bakin rami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyar, a taƙaita rahoton da Hausa, a karanta shi a rediyo da ƙofar mai unguwa, domin kundin Turanci mai ɗaruruwan shafuka da aka ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma bai kai ga mutumin da katangarsa ke rawa ba. Na ƙarshe, tsananin da ake yi wa mai gyara a yi wa mai ɓarna ko da rabinsa ne. Mai haƙar yashi a gindin gaɓa, da mai yanka fuloti a kan hanyar ruwa, da mu da muke zuba shara a kwalbati da daddare, duk muna cikin lissafin.

Ga ɗalibai kuma, musamman masu karatun labarin ƙasa da injiniyancin ruwa, ga aiki a ƙofar makarantarku. Igiyar awo da wayar hannu sun isa a riƙa auna bakin kowane kwazazzabo kafin damina da bayanta, a wallafa sakamakon kowace shekara. Ranar da aka iya cewa jinkirin bana ya ci taku kaza na ƙasa da gida kaza, ranar ce mai riƙe da fayil zai san cewa ajiye shi ma hukunci ne ya yanke.

Kafin in baro unguwar nan, dattijon ya raka ni har bakin hanya. Ya ce ya mayar da iyalinsa ɗakin da ke kusa da zaure, domin na ƙurya ya fara tsagewa. Na tambaye shi abin da zai yi idan damina ta sake faɗuwa ba a zo ba. Ya ce, “Sai mu koma zauren.” Ban tambaye shi inda za su koma bayan zauren ba. Rani ya shigo, watanni shida ne a hannun masu sa hannu.