Majayin Duna

Asabar

Karena Duna ya sake kuɓucewa. Da asuba na tarar da igiya yashe a gindin gawo, ƙullin ko motsi bai yi ba, shi kuwa yana can yana birgima cikin shanyar gyaɗar maƙwabci. Ƙirarsa ce ta jawo. Jinin karnukan Buzaye gare shi: kai siriri, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. In na sassauta igiya sai ya ja da baya ya zare kai, in na matse ya kwana yana tari. Gashin wuyan har ya fara cinyewa. Ga damman gero jibge a gona, dole ya kwana can a ɗaure, don in aka sake shi awakin mutane zai bi.

Lahadi

Na kai wa Baba kuka. Ya ce, "Kai dai ba ka rasa abin yi. Kare ne ko doki? Sa masa sarƙa." Na sa. Kafin la'asar ta goge masa fata, ƙuda sun taru. Na cire.

Talata

Na hau kabu-kabu daga Gangara zuwa Gazawa. A wani shago an ciro mini abin wuyan kare ɗan kanti, mai maɓallin roba, wai jaka huɗu. Ko ɗan akuya ba zai riƙe ba. Ina fitowa sai ga amalanke shaƙe da buhunan aya, jaki ɗaya na ja. Na tsaya ina kallo. Babu komai a maƙogwaronsa, nauyin duk a ƙirji da kafaɗa yake. Shekara nawa ina ganin wannan ban taɓa lura ba!

Na nemi wani tsohon baduku mai ɗinkin kayan dawaki. Da ya ji majayin kare nake so ya ajiye basilla ya dube ni.

"Ɗana, kada ka kawo mini shi rumfa."

"Baba, na gadin gona ne."

"Na sani, ba a hana wannan ba. Amma nan nake salla. Auno shi da igiya ka kawo."

Laraba

Awo ya ci mini safiya. Ƙanena ya riƙa ba shi ƙanzon tuwo, ni ina zagaya igiya. Ƙulli ɗaya a bayan ƙafafun gaba, inda ƙirji ya fi kauri: taƙi huɗu saura kaɗan. Ɗaya a gindin wuya. Ɗaya daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙarƙashi.

Alhamis

Na so a yi da fatar jar akuyar Maraɗi zalla, tunda ita ake yabo har ƙasashen waje. Baduku ya yi dariya, ya ce laushinta ne amfaninta, kuma shi ne aibinta: ta sha raɓa kwana uku za ta miƙe, kare ya fice. Ƙirgi kuma in ya bushe yanka yake yi. Sai ya jawo bel ɗin kujerar tsohuwar mota, irin wanda ake yi wa jakunan amalanke majayi da shi. Shi zai ɗauki nauyi, fatar akuya ta zama shimfiɗa daga ciki, zoben ƙarfe a gadon baya. Mun daidaita a jaka uku da rabi.

Litinin

Na karɓo. Ya yi kyau, amma minti biyar bai cika ba Duna ya durƙusar da gaba, ya ja da baya, ya fito kamar mai tuɓe riga. Baba na zaune kan tabarma, bai ce uffan ba. Da ma ya yi magana.

Laraba

Na mayar. Tsohon ya jujjuya shi, ya ce ƙirjin ya fi ciki girma, don haka ya ƙara ɗamara ta biyu a inda haƙarƙari ya ƙare. Ya ce in na ɗaura in cusa yatsu biyu: su shiga, uku kada su shiga.

Alhamis

Duna ya gwada dabararsa sau uku, ya gaji, ya kwanta. Da safe na duba hamatarsa, babu gurzuwa. Ƙaiƙayi dai ya maƙale a ƙarƙashin fatar, na kakkaɓe. Baba ya zo gona da hantsi, ya ja zoben da ƙarfi, ya tambaye ni ko badukun nan zai iya gyara majayin jakinsa.