Kwana Uku a Bakin Ruwan Kete

Ranar da babban wanmu ya fito da motar daga tashar jiragen ruwa ta Tema, sai da rabin layinmu a Nima ya fito kallo. Shekara 19 yana Hamburg, abin da ya ga dama ya kawo mana tsaraba ke nan: tsohuwar farar mota doguwa, da gado biyu a cikinta, da murhun gas, da ɗan firiji, da tankin ruwa, har da makewayin da ko ɗan akuya ba zai iya juyawa a ciki ba. Wasu suka ɗauka motar asibiti ce. Yaya ya bayyana cewa a can Turawa kan kwashi iyalinsu a irinta su tafi bakin tafki su kwana, alhali suna da gidajensu. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ashe su ma fatake ne, sai dai ba su da abin sayarwa."

Da hutun Disamba ya zo, yara suka dage sai bakin teku a Ada. Inna, wadda ba ta cika sa baki a shawararmu ba, ta ce in dai za a wahalar da ita a hanya, to a kai ta Kete. Muka yi shiru. Mun san a can aka haife ta, mun kuma san tun da iyalinsu suka taso zuwa Ankara ba ta sake taka garin ba.

Da asuba muka tashi, mu goma sha ɗaya, a motar Yaya da wata ƙarama a bayanta. Muka haye gadar Adomi, ƙasa kaɗan da madatsar ruwa ta Akosombo, muka bi ta Hohoe da Jasikan, hazon hunturu ya rufe duwatsu. A Dambai muka yi awa biyu muna jiran jirgin fito ya haye da mu kogin Oti, motar Jamus tana tsaye a layi tsakanin manyan motocin doya. Sai bayan la'asar muka isa.

Abu na farko da Yaya ya koya shi ne cewa a nan ba a kafa zango sai an yi gaisuwa. Yana neman fili mai kyau ya tsaya, Inna ta ce, "Kai, ƙasar ta ubanka ce?" Muka je muka gaida Sarkin Zango da goro, shi ya haɗa mu da yaron da ya kai mu wurin shugaban masunta, aka nuna mana gindin wata bishiya, ƙafa kaɗan daga ruwa. Murhun gas ma bai yi rana ba, domin tukunyar tuwonmu ta fi ƙarfinsa. Duwatsu uku muka nemo.

Wurin yana da kyau, ba za mu ɓoye ba. Da yamma ruwan kan koma ja kamar an zuba masa manja, jiragen masunta suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, matansu suna tsaye da kwanduna, hayaƙin bandar kifi yana bin iska. Can cikin ruwa busassun itatuwa ne a tsaye, ba ganye ba ɓawo, tsuntsaye a kansu. Yara suka yi ta ɗaukar hoto. Inna ta ɗora tabarmarta tana fuskantar itatuwan, ba ta ce komai ba har magariba.

Yawancinmu da muka tashi a zangunan kudu mun san sunan Kete-Krachi, amma kaɗan ne suka san cewa garin da ke tsaye yau ba shi ne na dā ba. Krachi garin 'yan ƙasa ne, Kete kuwa zangon baƙi ce a gefensa. Ta bunƙasa bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, lokacin da fataken goro da malamai suka watse daga can suka nemi sabuwar kasuwa. Jamusawa suka kafa barikinsu a wurin. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawallafin waƙoƙi da Hausa da Larabci, ya yi limanci ya karantar har rasuwarsa a 1934. Kakanmu a hannun almajiransa ya yi karatu. Da aka gina madatsar Akosombo, wadda Nkrumah ya buɗe a Janairun 1966, ruwan Volta ya taru ya zama tafki, aka tashi mutane kusan 80,000 daga matsugunansu, tsohuwar Kete ta shiga ƙarƙashin ruwa da kasuwarta da masallatanta. Wutar da muke kunnawa a Nima daga wannan ruwa take fitowa, kuma ba mu taɓa tuna haka ba idan an ɗauke ta muna tsaki.

A daren nan Inna ta ƙi gadon mota, ta ce ita ba gawa ba ce da za a sa ta a akwati. Muka rataya mata gidan sauro a reshe. Jikokinta, waɗanda Turanci da Twi suka fi Hausa sauƙi a bakinsu, suka kewaye ta suna tsokana, ƙaramin yana cewa shi ne mijinta, shi zai yi gadinta. Ta ce miji mai tsoron kwaɗo ba ta so. Daga nan, ba wanda ya roƙe ta, ta fara: yadda ruwa ya riƙa zuwa a hankali, yau ya ci gona, jibi ya ci turken awaki, yadda tsofaffi suka ƙi yarda cewa kogin da suka sani zai hau tudu, gidan ɗaki ɗaya da aka ba su a sabon gari, su tara. Mahaifinta ya rasu shekara biyu kafin tashin, kabarinsa bai taso tare da su ba. Mu da muka haura shekara arba'in a gabanta, ranar muka fara jin wannan. Laifinmu ne, ba mu taɓa tambaya ba.

Washegari muka yi ciniki da wani masunci ya shiga da mu. Yana tuƙi yana kauce wa kututture, don su ne ke fasa jirage a tafkin. Da muka yi nisa ya kashe inji, ya ce tsofaffinsu sun ce a nan wajen garin yake. Inna ta dubi gabas, ta dubi tudu, ta nuna wani wuri, ta sauke hannu, ta nuna wani.

"Inna, nan ne?" in ji Yaya.

"Da akwai rimi a ƙofar gidanmu," ta ce. "Da shi nake ganewa."

Ta sa hannu a ruwa ta yi alwala daga gefen jirgi, muka riƙe mata mayafi. Ta ɗaga hannu, muka ɗaga, aka yi Fatiha ga mahaifinta da duk wanda ke kwance a ƙasan nan. Masuncin, wanda ba Musulmi ba ne, ya cire hularsa har muka shafa.

A hanyar dawowa gaɓa 'yar autar Yaya, wadda aka haifa a Jamus, ta tambayi ubanta a hankali mene ne rimi. Ya buɗe baki, ya rasa kalmar a Jamusanci. Inna ta ce a bar ta da ita, akwai babba guda a hanyar Dambai, gobe in za mu wuce a tsayar da motar.